Ayon (kimiyyar sinadarai)

Ayon shi ne atam, wato ƙwayar sinadari mafi ƙanƙanta, ko gungun atam da suka haɗe, wanda ya yi asarar ilaktaron ko ya samu ƙari, saboda haka ya koma yana ɗauke da cajin lantarki. A zamansa na asali atam ba shi da caji, don yawan furoton da ke cikin cibiyarsa daidai yake da yawan ilaktaron da ke kewaye da ita, furoton fulos ilaktaron mainos, sai su yi kunnen doki. Da zarar ilaktaron ɗaya ya fita ko ya shigo lissafi ya tashi. Furoton dai ba ya motsi a wannan harka, in ya canza to sinadarin ma ya zama wani daban. Ana karanta darasin a sakandare a Ghana, yana kuma fitowa a jarrabawar WASSCE.

Asalin sunan

Kalmar daga Girkanci take, ma'anarta "mai tafiya". Michael Faraday ne ya shigo da ita a 1834 lokacin yana aiki a Landan kan yadda lantarki ke wargaza sinadarai a cikin ruwa, ya lura a cikin sanduna biyu na lantarki da ke tsome a ruwan wani abu na tafiya zuwa sanda ɗaya wani kuma zuwa ɗayan, amma bai da sunan da zai ba su, sai ya rubuta wa William Whewell, malami a Kambirij wanda ya ƙware a Girkanci, suka yi ta musayar wasiƙa har aka tsaya a kan sunayen da ake amfani da su yau. Mai cajin fulos ana ce masa katayon, mai mainos kuma anayon. Abin mamaki duk wannan an yi shi ne ba wanda ya san akwai wani abu wai shi ilaktaron, sai a 1897 J.J. Thomson ya gano shi.

A lokacin an ɗauka lantarkin ne ke haifar da ayon ɗin. Wani ɗalibi ɗan Suwidin, Svante Arrhenius, shi ya zo ya ce a'a, gishiri da ya narke a ruwa ya riga ya rabu gida biyu ko an jona wuta ko ba a jona ba. Ya kai wannan magana a kundin digirinsa na uku a jami'ar Uppsala a 1884, malamansa ba su gamsu ba, da ƙyar suka ba shi maki na ƙasa-ƙasa. A 1903 kuma aka ba shi kyautar Nobel a kan aikin nan dai.

Bayanin dalilin da ya sa kowane atam yake ɗaukar cajin da yake ɗauka ya zo ne a 1916, daga Walther Kossel a Jamus da Gilbert Lewis a Amurka, kowa da nasa aikin. Irving Langmuir ya yaɗa ra'ayin wajajen 1919, an kuma yi 'yar jayayya kan wa ya fi cancantar yabo.

Yadda ake gane caji

Ilaktaron a zobe-zobe suke zaune, na farko ya ɗauki 2, na biyu 8, na uku ma 8 a matakin 'yan koyo. Iskoki irin su niyon da agon zobensu na waje a cike yake shi ya sa ba ruwansu da kowa, sauran atam kuma kowa ƙoƙari yake ya yi kama da su ta hanya mafi kusa.

Sodiyam na da ilaktaron 11, wato 2, 8, 1. Nemo bakwai wahala ce, sai ya saki ɗayan nan ya zama Na⁺. Kulorin na da 17, wato 2, 8, 7, guda ɗaya kawai ya rage masa, ya karɓe ya zama Cl⁻. Fulos da mainos suka ja juna, ga gishirin da ake kwasowa daga tafkin Songor na Ada. Me ya hana sodiyam ya saki na biyu? Cire na farko na cin kusan kilojul 496 na makamashi a kowane mol (ma'aunin yawan atam), na biyu kuwa ya haura 4,500 don an taɓa zoben da ya cika.

Daga nan teburin sinadarai, wanda Mendeleev ya fitar da tsarinsa a 1869, ya isa jagora. Rukuni shi ne layin da ya sauko daga sama zuwa ƙasa a teburin. Rukuni na 1 caji +1, na 2 irin su kalsiyam da magniziyam +2, alminiyam +3. Ta ɗaya gefen rukuni na 17 suna −1, oksijin da sulfa −2, naitirojin −3. Kabon yana tsakiya da huɗu, shi yawanci tarayya yake yi da ilaktaron maimakon bayarwa ko karɓa. Wajen haɗa fomula dole jimillar caji ta koma sifili, shi ya sa alminiyam biyu ke tafiya da oksijin uku, Al₂O₃, shida ta kashe shida.

Inda dokar ke karyewa

Ƙarafan tsakiyar tebur ba su bin wannan lissafi. Baƙin ƙarfe na iya zama Fe²⁺ ko Fe³⁺, jan ƙarfe +1 ko +2, sai an sa lambar Romawa a ƙarshen suna a nuna wanne ake nufi. Tsatsar da ke cin kwanon rufi a Nima da Aboabo Fe³⁺ ce. Zinki +2 da azurfa +1 su dai haddace su ake yi, haka ma gungu irin su salfet SO₄²⁻, naitiret NO₃⁻ da amoniyam NH₄⁺.

Amfani

Kanwar da masu waakye ke jefawa a tukunya tare da karan dafi galibinta sodiyam ce da kabonet, CO₃²⁻, shi ke sa wake ya nuna da wuri. Garin ORS na masu gudawa sodiyam da fotasiyam yake mayar wa jiki. Batirin waya kuma ayon ɗin litiyam ne ke kai-komo a cikinsa.