Furotin Ba Duka Ɗaya Ba Ne a Abincin 'Ya'yan Karfasa

Masu kiwon kifi da yawa a Garwa da kewayen madatsar ruwan Lagdo, a arewacin Kamaru, sun ɗauka in abinci ya kai furotin kashi 35 cikin ɗari, magana ta ƙare. Ba haka ba ne. Furotin haɗin sinadaran amino ne, kuma goma daga cikinsu jikin karfasa ba ya iya ƙera su, sai ta abinci. Ɗaya ya gaza, girma ya tsaya. Ragowar furotin ɗin ya ƙone ya fita a matsayin amoniya, ya ɓata ruwa.

Biyu ne suka fi gazawa: laisin da metiyonin. Ƙaramar karfasa tana son laisin wajen kashi 5 cikin ɗari na furotin ɗin, metiyonin kusan kashi 2.7.

Tunkuzar angurya, wadda ke da araha a yankin auduga, laisin ɗinta kaɗan ne, gubar gosifol da ke cikinta kuma tana ɗaure wanda ke akwai. Ƙuli-ƙuli ya gaza a duka biyun. Waken soya ya wadatu da laisin amma metiyonin ya yi masa ƙaranci, kuma dole a soya shi, ɗanyensa yana hana narkewar abinci. A haɗa shi da garin busasshen kifi, wanda ke da duka biyun. Dusa kuwa ƙarfi kawai take bayarwa, furotin ɗinta bai taka kara ya karya ba.