Baje kolin fasaha a tsofaffin sito da kangwaye: amsar tambayoyin da kuka dame ni da su

Ina taimaka wa ɗaliban fasaha wajen share wuri da ɗaura ayyukansu a nan Kumasi, shi ya sa duk sanda aka ji za a baje koli a wani tsohon sito ko gareji, wayata ba ta hutawa. Daga Aboabo, daga Asawase, daga Sawaba, tambayoyin dai su ne, ba sa canjawa. Na gaji da maimaitawa. Ga amsoshin a rubuce, wanda ya sake tambaya nan zan turo shi.

Nawa ne kuɗin shiga?

Mafi yawansu kyauta ne. Kuɗin trotro, wato motar haya, kawai za ka nema.

Ban yi boko mai zurfi ba, za su bar ni in shiga?

Babu mai tambayar takardarka a bakin ƙofa. Shiga. In wani abu ya ɗaure maka kai, nemi wanda ya yi shi, galibi yana tsaye a gefe, ka tambaye shi da Tonanci ko Hausa ko Turancin da ya sawwaƙa. Murna zai yi.

Me ya sa sai a kango? Babu wuri mai kyau ne a garin nan?

Wane wurin? Ku lissafa mini. Gidan tarihin fadar Manhyia, da na Prempeh na Biyu da ke Cibiyar Al'adu, da na sojoji, duk tarihi suke adanawa, kuma suna aikinsu. Ba a gina su don yaron da ya gama KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, bana ya rataya ƙyallen da ya fi tsawon motar tirela ba. A Accra ma Gidan Tarihi na Ƙasa a rufe yake daga 2015 har 2022 ana gyara. Akwai Gallery 1957 da aka buɗe a 2016, ta taimaki masu zane da yawa, amma a cikin otal ɗin Kempinski take. Tsakani da Allah, mai sayar da waake a Nima za ta ratsa ƙofar wannan otal don ta kalli zane?

Malaman sashen zane da sassaƙa na KNUST, musamman Karikacha Seidou, sun daɗe suna tura ɗalibansu su fita daga harabar jami'a su kai aiki kasuwa da tasha da layin unguwa. Daga nan ƙungiyar masu fasaha ta blaxTARLINES ta fito a 2015. A shekarar suka baje koli a wani shagon sayar da motoci a Ahenema Kokoben, sannan suka cika ginin Gidan Tarihin Kimiyya da Fasaha na Accra, wanda ya yi shekaru masu yawa ba a kammala shi ba, shekara uku a jere: 2015, 2016 da 2017. A 2016 kuma an yi wani a Loko, rumfar gyaran jiragen ƙasa, nan cikin gari.

Sai dai ba rashin wuri kaɗai ba ne, kuma a nan nake so ku natsu. Jirgin ƙasa ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903, layin Accra ya haɗe a 1923. Su wa suka yi dakon buhunan koko daga sito zuwa tarago? Kakanninmu ne da suka gangaro daga arewa, Hausawa da Mosawa da Dagombawa da Zabarmawa da sauransu. Zamanin Nkrumah aka gina rumbunan kankare na ajiyar amfanin gona da masana'antu, har da ta saƙar buhu a Ahinsan, da niyyar ƙasa ta riƙe kanta. Bayan juyin mulkin 24 ga Fabrairu 1966 aka watsar da rumbunan, masana'antun kuma da yawa suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Mai fasahar da ya kai aikinsa irin wannan gini yana tilasta mana mu shiga mu ga abin da aka fara aka bari. Wanda kakansa ya zubar da gumi a tashar reluwe ya fi baƙo mai kyamara haƙƙi a wurin. Abin da ke ƙona mini rai shi ne baƙon yana zuwa, ɗan zango kuwa yana wucewa ta bakin ƙofa yana cewa wai abin Turawa ne.

Buhun gawayi da aka ɗinke, shi ne fasahar? Ai shara ce.

Wannan maganar ta ishe ni. Ka taɓa tsayawa ka karanta jikin buhu? A Indiya ko Bangaladash ake saƙa buhun ashasha, a kawo shi Gana don koko. In ya gama da koko sai ya koma hannun 'yan masara da shinkafa, kowane ɗan kasuwa ya rubuta sunansa ko alamarsa a kai, daga ƙarshe in ya tsufa ya faɗa hannun 'yan gawayi. Ibrahim Mahama, haifaffen Tamale a 1987 wanda ya yi karatu a nan KNUST, shi ya riƙa karɓar tsofaffin buhunan yana ba da sababbi, ya tara masu ɗinki, ciki har da mata 'yan ci-rani daga arewa, suka harhaɗa su aka lulluɓe gine-gine. A 2015 buhunan sun rufe wani dogon lungu a babban bikin fasaha na Venice a Italiya. A 2016 sun lulluɓe Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa a Accra. Kowane faci a jikinsu hannun wani ne, kowane tabo kafaɗar wani ce ta ɗauka. Ba dole ya burge ka ba, kana iya cewa bai yi maka ba. Amma kar ka kira guminmu shara.

Malam, ba haramun ba ne?

Ni ba malami ba ne, je ka tambayi malaminka. Abin da zan gaya maka shi ne ayyuka da yawa babu siffar mai rai a cikinsu ko kaɗan: ƙyalle ne, da ƙarfe, da yumɓu, da sauti, da haske. In ka ga abin da zuciyarka ba ta kwanta da shi ba, wuce gaba. Gani ya kori ji.

Akwai wani tsohon sito a bayan layinmu, shekara da shekaru a kulle. Ni da abokaina muna so mu baje aikinmu a ciki. Ta ina za mu fara?

Yawwa, ƙanena, ga tambaya. Amma ba zan ba ku amsa guda ba, don kowane gini da nasa rikicin, kuma abin da ya yi aiki a Adum ba lallai ya yi a Aboabo ba.

Ku fara da gano mai shi, kuma kada ku ɗauka abu ne mai sauƙi. Fili a Kumasi hawa-hawa ne. Yana iya zama na sarauta an ba wani haya ta shekaru masu yawa, yana iya zama na gwamnati ko na reluwe, yana iya zama gado ne da magada ba su gama sasantawa ba. Wanda makulli ke hannunsa sau da yawa maigadi ne ko wani da ya daɗe yana kula da wurin. Ku gaishe shi da mutunci, ku kai masa goro, don in bai so ba ko tsintsiya ba za ku shigar ba. Amma amincewarsa ba izini ba ce. Ku je wurin mai unguwa da wakilin unguwarku a majalisar ƙaramar hukuma, su suka san tarihin kowane kango, kuma za su gaya muku in akwai shari'a a kansa. In akwai shari'a, shawarata ku haƙura ku nemi wani.

In kun samu mai shi, a rubuta. Daga wace rana zuwa wace rana, wane ɓangare za ku taɓa, za a buga ƙusa a bango ko ba za a buga ba, wa zai biya in wani abu ya lalace. Ya sa hannu, a samu shaidu. Ko da takardar, wani ɗan'uwansa na iya ɓullowa ranar buɗewa ya ce bai sani ba, shi ya sa shaidun su zama dattawan da ake jin kunyarsu. Ku leƙa ofishin ƙaramar hukuma, ta Kumasi (KMA) ko ta Asokore Mampong, ya danganta da inda ginin yake, ku ji abin da suke buƙata. In taron zai malala kan titi, dokar taruka ta 1994 ta ce a sanar da 'yan sanda aƙalla kwana biyar kafin ranar. In cikin gini ne kawai wataƙila ba dole ba, amma sanarwar ba ta cutar da ku.

Sai abin da ya fi duka muhimmanci a wurina. Kun ce a kulle yake. Ku koma da daddare ku duba. Da wuya ka samu kango a garin nan da babu kowa a cikinsa: ko 'yan kayaye, mata masu dako, na kwana, ko 'yan gwangwan na ajiye ƙarfe, ko makanike ya kafa rumfa a gefe. Na taɓa ganin wasu sun kwashe kayan matan da ke kwana a wani wuri sun jibge a waje, ana ruwa, don kawai ɗakin ya yi kyau a hoto, alhali aikin nasu wai a kan wahalar talaka yake magana. Kada ku yi haka. Ku zauna da su, ku yi bayani, ku bar musu gefensu, in da aikin shara ko gadi ku ba su ku biya su. Zan kuma faɗa muku abin da ke damuna: wani lokaci baje kolin ne ke tuna wa mai gini cewa wurin na da daraja, bayan kun tafi ya kori mutanen. Ba kullum ba ne, amma yana faruwa, kuma babu takardar da za ta hana. Ku auna wannan tun kafin ku fara, ku faɗa wa mazauna wurin gaskiya.

Lafiyar ginin kuma, kada ku dogara da idonku. Ku kira magini ya duba rufi da ginshiƙai. Tsofaffin masana'antu da yawa rufin asbestos gare su, ƙurarsa na lalata huhu, kada ku fasa shi, kada ku share ɓaraguzansa a bushe. Wayar wutar da ke bango ku ɗauka ta mutu, ku kawo mai gyaran wuta na gaske, kuma ban da satar wuta daga falwaya. Janareta a waje, nesa da ƙofa. Ƙofar fita ta zama biyu, ku nemi 'yan kwana-kwana su leƙa in za su zo. In tsohon gareji ne, akwai ramukan da makanikai ke shiga ƙarƙashin mota, a rufe su da katako mai ƙwari. Ku tanadi ruwa da makewayi da wurin alwala, in ba haka ba iyayenmu mata ba za su daɗe ba.

Lokaci ma abin dubawa ne. Daga Afrilu zuwa Yuli ruwa ne, ya sake dawowa Satumba da Oktoba, tsohon kwano kuwa sai an yi ruwa yake nuna inda yake yoyo. Hunturu ya fi sauƙi, sai dai ƙura. Kuma ku sa mai gadin dare, don aikin ƙarfe in an bar shi babu kowa, da safe an riga an ɗora shi a sikeli.

Ko kun yi duk wannan ban ce za ku samu ba. Wani mai ginin zai ƙi ba tare da dalili ba, wani zai yanka muku kuɗin da ba ku da shi. In haka ta faru, zauren gidan wani dattijo ko shagon tela da ba ya aiki ya ishe ku na farko. Kwana uku, mutum huɗu ko biyar, ku gama ku share wurin ku mayar da makulli a ranar da kuka yi alkawari. Da haka ake ba ku na biyu.

An ce irin waɗannan gine-gine akwai aljanu.

Yi addu'arka ka shiga, ka sa takalmi rufaffe saboda ƙusa mai tsatsa. A rumbun zamanin Nkrumah da Mahama ya mayar wurin baje koli a Tamale, Nkrumah Volini, jemagu aka tarar, kuma aka bar su a gidansu.

Zan iya kawo yara?

Hajiya, don Allah kawo su, ki dai riƙe hannun ƙananan. A Red Clay, wurin aikin Mahama da ke wajen Tamale, tsofaffin jiragen sama aka jera aka mayar da su azuzuwa, kuma 'yan makaranta su ne manyan baƙin wurin. Yaro ba ya jin kunyar tambaya, shi ya sa yakan riga babba ganewa.

Ana samun kuɗi a wannan harka?

Wasu ƙalilan sun samu sosai, kuma Mahama da kuɗin ayyukansa ya gina cibiyar fasaha ta SCCA a Tamale da aka buɗe a 2019. Yawancin waɗanda na sani daga aljihunsu suke kashewa, suna koyarwa ko fentin shaguna ko ɗaukar hoton biki don su ci abinci. In kuɗin gaggawa kake nema, ba nan ba ne.

Ai na je Chale Wote a Accra, ba shi ke nan ba?

Ka yi kyau, amma ba ɗaya ba ne. Wannan biki ne na kan titi da aka fara a Jamestown a 2011, ana yin sa a watan Agusta, da kiɗa da cunkoso. Masu shirya shi sun yi amfani da tsofaffin ganuwoyi, Ussher Fort da mutanen Holan suka gina a 1649, da James Fort da Ingilishi suka gina a 1673, duka biyun an mayar da su kurkuku daga baya. A cunkoso mutum hoto yake ɗauka ya wuce. Je baje koli ranar Talata da hantsi, lokacin da babu kowa, ka tsaya gaban aiki guda har ka gaji.

Ta yaya zan san ranar da za a yi na gaba?

Bi shafukan blaxTARLINES da SCCA a Instagram ko Facebook. In akwai ɗalibin KNUST a gidanku, ce masa ya tambayi 'yan sashen zane lokacin da masu kammalawa za su baje nasu. In ka samu labari kada ka tafi kai kaɗai, ɗauki mutum biyu daga majalisarku.