Bangaskiya Irin ta Yara a Koyarwar Kirista

Bangaskiya irin ta yara koyarwa ce a addinin Kirista wadda ke kiran mai bi ya dogara ga Allah kamar yadda ƙaramin yaro ke dogara ga mahaifinsa, ya kuma roƙe shi gaba gaɗi, komai yawan shekarunsa ko zurfin iliminsa.

Tushe a Littafi Mai Tsarki

A Matiyu 18:1-4 almajirai sun tambayi Yesu wane ne mafi girma a Mulkin Sama. Sai ya kira yaro ya tsai da shi a tsakiyarsu, ya ce in ba su juyo sun zama kamar ƙananan yara ba, ko shiga ma ba za su yi ba. A Markus 10:13-16 kuma, da almajirai suka kwaɓi masu kawo masa yara, ransa ya ɓaci, ya rungumi yaran ya sa musu albarka. Masu sharhi da yawa na ganin ba rashin laifin yaro ake yabo a nan ba. A wancan zamani yaro ba shi da matsayi, ba shi da abin biya. Abin da aka miƙo masa yake karɓa, kuma ba ya jin kunyar roƙo.

Girma da dogara

Wannan bai zama izinin zama cikin yaranta ba. Manzo Bulus ya ce da ya girma ya bar al'amuran ƙuruciya (1 Korintiyawa 13:11), ya kuma gargaɗi ikilisiya su zama jarirai wajen mugunta amma manya wajen tunani (14:20). Ibraniyawa 5:12-14 ta zargi waɗanda har yanzu madara suke sha alhali ya kamata a ce sun zama malamai.

A nan wuyar take. Sabon tuba yakan roƙi kome ba tare da shakka ba. Wanda ya daɗe kuwa ya ga addu'ar da amsarta ta yi jinkiri, ya binne waɗanda ya yi wa roƙon warkewa, ya ga shugabannin da suka kauce. Sannu a hankali sai roƙonsa ya ragu, yana ɗauka hikima ce, alhali sau da yawa tsoron sake jin ciwo ne. Amsar da malaman Kirista ke bayarwa ita ce gaba gaɗin bai rataya ga samun abin da aka roƙa ba, ya rataya ne ga zama ɗa: Romawa 8:15 ta ce masu bi sun karɓi Ruhun da ke sa su kira Allah Uba, Ibraniyawa 4:16 kuma ta ce su matso kusa da kursiyin alheri ba da fargaba ba.

Misalai a tarihi

George Müller (1805-1898), haifaffen ƙasar Jamus, ya buɗe gidan marayu a birnin Bristol na Ingila a 1836, ya kula da marayu sama da 10,000 ba tare da ya roƙi kowa kuɗi ba sai Allah. Duk da haka mutum ne mai tsantseni wajen lissafi, yana rubuta kowace kyauta yana fitar da rahoto. Tafarkinsa ya yi tasiri ga Hudson Taylor, wanda ya kafa ƙungiyar mishan domin ƙasar Sin a 1865, da sauran ƙungiyoyin mishan masu dogara ga tanadin Allah, irin su SIM (Sudan Interior Mission), wadda cocin ECWA ta fito daga cikinta a Najeriya a 1954.

A ɗariƙar Katolika, Tereza ta Lisieux (1873-1897), 'yar Faransa da ta rasu tana da shekara 24, ta koyar da "ƙaramar hanya": yin ƙananan ayyuka da ƙauna, da miƙa kai ga Allah kamar yaro. Ta riƙe wannan har cikin watanninta na ƙarshe, lokacin da tarin fuka da shakku masu tsanani suka haɗu mata. An ayyana ta waliyyiya a 1925, Paparoma John Paul na Biyu kuma ya sanya ta cikin manyan malaman Ikilisiya a 1997.