Kyamarar ɗaukar hoton kifin ado: ga amsoshinku wuri ɗaya

Na daɗe ina kiwon kifin ado a nan Jidda, kuma tun da na fara tura wa 'yan'uwa hotunan tankina tambaya ba ta yanke ba. Wani ya bugo daga Makka, wani ya tare ni a ƙofar masallaci bayan Juma'a, wani ya turo saƙon murya da ƙarfe ɗayan dare. Tambayoyin kuma duk kanwar ja ce. Na tattara su a nan. Duk wanda ya sake tambayata, wannan rubutun zan tura masa.

Yaya, wace kyamara ce ta fi kowace kyau?

Babu ita. Faɗa mini abin da za ka ɗauka da abin da ke aljihunka, sannan mu yi magana.

Wayata ba za ta wadatar ba?

Za ta wadatar a tsirrai, da hoton tanki gaba ɗayansa, da kifin da ba ya gaggawa irin betta da discus. Goge idon kyamarar wayar, ka taɓa kifin a kan allo don ta saita a kansa, ka ɗan rage haske. Yi wata guda a haka. In bayan watan ka iya faɗin takamaiman abin da wayar ta kasa yi maka, lokacin sayen kyamara ya yi. In ba ka iya ba, riƙe kuɗinka.

Megafiksel nawa ya kamata?

Don Allah ku bar wannan tambayar haka nan. Sony a6000 ta 2014, Canon 2000D da Nikon D3500 na 2018, dukkansu megafiksel 24 gare su, kuma sun ishe ka har da saura. Ban taɓa ganin hoton kifin da ƙarancin megafiksel ya ɓata ba. Ƙarancin haske da dattin gilashi ke ɓata shi.

Me ya sa nake ganin kaina a cikin hoton?

Saboda ka tsaya gaban tanki da farar jallabiya, fitilar ɗaki a kunne, labule a buɗe. Gilashi madubi yake zama muddin akwai haske a ɓangaren da kake tsaye. Kashe fitilar ɗaki da talabijin, ja labule, sa riga mai duhu, ka bar fitilar tanki ita kaɗai. Bayan Isha'i ya fi. Akwai kuma wata hular roba da ake ɗaura wa bakin lensi a manna ta da gilashi, ba ta da tsada, tana tare hasken gefe, kuma ba ta ƙarje gilashin.

In kunna filasha?

Wadda ke bisa kan kyamara, a'a. Gilashi zai dawo maka da ita, kifi kuma ya firgita. In hannunka ya faɗa nan gaba, ana ɗora filasha ta daban a saman tanki tana haska ƙasa. Ba yanzu ba.

Malam, riyal 2,500 gare ni. Tankina akwai neon tetra, jan jatan lande da Anubias. In sayi sabuwar kyamara da lensin da take zuwa da shi, ko in nemi ta hannu?

To, wannan ita ce tambaya. Zan amsa, amma ka sani amsar tana da "amma" da yawa, domin abubuwa ukun da ka lissafa kowanne da buƙatarsa.

Anubias tsiro ne, ba ya zuwa ko'ina. Kowace kyamara, in ka ɗora ta a kan ƙafa uku, za ta fito da shi tsaf. Mu ajiye shi gefe.

Tetra, ɗan ƙaramin kifin nan, shi ne aiki. Ba ya tsayawa, don haka sai kyamara ta ƙifta da sauri, wajen 1/200 ko 1/250 na daƙiƙa, in ba haka ba ka samu zane mai shuɗi da ja a maimakon kifi. Gwargwadon saurin ƙiftawar, gwargwadon raguwar hasken da ke shiga. Fitilar tankinka kuwa, duk yadda take kashe maka ido a ɗaki mai duhu, ba ta kama ƙafar hasken rana ba. Lensin 18-55mm da ake haɗo sabuwar kyamara da shi, in ka zuƙo zuwa 55, ƙofar haskensa ba ta wuce f/5.6 (gwargwadon girman lambar, gwargwadon ƙanƙantar ƙofar). Dole ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, zuwa 1600 ko 3200, hoton ya fara tsaki-tsaki. Ba laifi ba ne, hoto mai tsaki ya fi hoto mai dishi-dishi sau dubu. Lensin 50mm f/1.8, wanda yake cikin masu araha, yana shigar da haske kusan ninki goma na f/5.6. Amma in ka wangale shi gaba ɗaya, ido zai fito tar, wutsiya ta narke. Kuma ba ya saituwa kusa-kusa: na Canon sai daga santimita 35, na Nikon daga 45. A kifi mai girman tafin hannu, madalla. A tetra, ƙarami zai fito, sai ka yanke hoton.

Jatan lande kuwa santimita biyu ne zuwa uku. Shi sai lensin makro, mai ɗaukar ƙananan abubuwa kusa-kusa, wanda masu shago a nan ke kira adasa makro. Nan ma akwai amma. Nikon 40mm f/2.8 shi ne mai sauƙin kuɗi, sai dai kafin ya cika maka hoto da jatan lande sai bakinsa ya kusa taɓa shi, ke nan wanda ke jikin gilashi kaɗai za ka samu. Tamron 90mm ko Sigma 105mm suna kai wa tsakiyar tanki, amma sun fi tsada, sun fi nauyi, kuma 'yar rawar hannu kaɗan tana nunawa.

In ni ne, ta hannu zan saya, irin D3500 ko 2000D ko a6000, in zuba ragowar kuɗin a lensin makro. Lensin makro yana ɗaukar kifi da ganye ma, ba jatan lande kaɗai ba. Jikin kyamara tsufa yake yi, lensi mai kyau kuwa yana bin ka shekaru. Sai dai ban ce wannan ya dace da kowa ba. Ta hannu ba ta da garanti. In kai mutum ne da ba zai iya barci ba sai da takardar shago a hannu, je kantin Jarir ko eXtra ka sayi sabuwa, ka tuna farashin ya haɗa da harajin kashi 15 cikin ɗari, ka haƙura da jatan lande har ka tara na lensi. In kuma bidiyo ne ya fi damunka, kyamarori marasa madubi a ciki irin Sony a6400 ta 2019 ko Canon R50 ta 2023 sun fi iya bin abu mai motsi, amma wataƙila jikin kaɗai ya lashe kuɗinka. Farashi yana hawa yana sauka, ka duba da kanka a makon da za ka saya.

Abu ɗaya da ba na so ka faɗa ciki: D3500 da 'yan'uwanta ba su da injin saiti a jikinsu. Lensin Nikon da za ka saya mata ya zama an rubuta AF-S ko AF-P a kansa. In ka kwaso tsohon AF-D saboda araha, da hannu za ka riƙa murɗawa, tetra kuma ba zai jira ka ba.

In na samu ta hannu a Haraj, dandalin saye da sayarwa na intanet, me zan duba?

Kada ka tura ko riyal ɗaya kafin ka riƙe ta a hannunka. Tafi da katin ajiyarka ka ɗauki hotuna a wurin. Tambayi adadin ƙiftawarta. Irin waɗannan ƙananan an gina su ne su kai wajen 100,000, wadda ta kusa can a rage maka kuɗi ko ka bar ta. Sannan ka cire lensin, ka haska fitilar waya ta cikinsa. In ka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo, fumfuna ce, ajiye masa kayansa. Ni na taɓa sayen lensi a wani shago ban haska ba saboda ina sauri, sai da na isa gida na ga abin da na sayo, kuma har yau yana ci mini rai. Laimar Jidda ba ta wasa da lensi. Naka ma ka ajiye shi a akwati mai rufuwa ruf tare da 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi. Kuma in ka fito da kyamara daga ɗakin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, zuwa waje, gumi za ta yi. Bar ta a jaka ta ɗan jima, kada ka hau goge ta da bakin riga.

Hoton abu mai rai ya halatta?

Wannan ta malamai ce. Tambayi malamin da ka yarda da iliminsa.

Ba gara in sayi mai shiga ruwa ba?

Olympus TG-6 tana nutsewa har mita 15, tana kuma ɗaukar abu daga nisan santimita ɗaya. In kana iyo a bakin tekun Abhur kana son kifin Bahar Maliya, ta yi. A tanki kuwa hannunka zai kori kifi ya tayar da ƙasa, kuma ƙaramar sensarta tana wahala a ƙarancin haske. In ka nace, ɗauraye ta da ruwa zalla kafin ka tsoma, ban da sabulu, ban da hannu mai turare.

Kifin a tsaye yake amma hoton bai fito tar ba.

A karkace ka ɗauka. Haske yana lanƙwasa in ya ratsa ruwa da gilashi, kuma gwargwadon kaurin gilashin, gwargwadon ɓarnar. Durƙusa, lensi ya fuskanci gilashi kai tsaye, daidai tsayin kifin. Saita a kan idonsa.

Launin ya fito shuɗi, wani lokaci kore shar.

Fitilarka ce ta rikita kyamarar, musamman shuɗiyar fitilar tankin ruwan gishiri. Tsoma farin faranti mai tsabta a ruwan, ka nuna wa kyamara cewa wannan shi ne fari. Ko ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ka gyara a kwamfuta. Amma ka ji tsoron Allah wajen gyara. In za ka sayar da kifin guppy, kada ka ƙara masa jan da ba shi da shi.

Bidiyona yana ƙyaftawa, wasu layuka na yawo.

Wutar Saudiyya 60 take bugawa a daƙiƙa, ta Najeriya 50. In kyamarar daga gida aka kawo maka, mai yiwuwa tana kan PAL, tsarin bidiyon da ya dace da wuta mai 50. Mayar da ita NTSC, na wuta mai 60, ka sa ƙiftawa a 1/60 ko 1/125. In bai daina ba, ƙure hasken fitilar tankin, domin wasu fitilun LED suna yin haka in an rage su.

Yaya, na ɗauki hoto 200, biyar kawai suka yi kyau. Anya zan iya?

Ƙanwata, biyar cikin 200 ai kin yi ƙoƙari. Kowa haka yake zubarwa, ba dai ya nuna miki ba ne. Ki daina bin kifi da kyamara. Zauna ki lura da inda yake yawan juyawa, ki saita a wurin, ki jira ya shigo, ki danna a jere. In kina son ƙarin gwaji, je Fakieh Aquarium a bakin teku ki gwada a kan manyan kifaye, ki bi ƙa'idar wurin, kuma kada iyalin wani su shiga hotonki ba da izininsu ba.

Ganye na kaɗawa, ga ɗigo-ɗigo a cikin ruwa.

Canza ruwa da kankare gansakuka tun jiya ake yinsu, ba minti biyar kafin hoto ba. Goge gilashi ciki da waje. Kada ka ba da abinci sai ka gama. Kashe filta da famfon iska na 'yan mintuna, ruwa ya kwanta, ganye ya tsaya, sannan ka ɗauka a ISO 100 ko 200 bisa ƙafa uku, da f/8. Amma kafin ka zare filogin, saita ƙararrawa a waya, minti goma. Ina nufin kafin, ba bayan ba. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai, ka kuma san zafin garin nan. Sau biyu ana kirana da asuba a ce kifi sun taso sama suna haki, kuma duka biyun filta aka kashe don hoto aka tafi aka kwanta.