Abin da ya sa muke cewa "kada ka motsa" a ɗakin sikan

A ɗakin ɗaukar hoto inda nake aiki, ba maganar da nake maimaitawa kullum kamar: "Baba, ja numfashi, riƙe, kada ka motsa." Wasu na ɗauka tsabar iyayi ne irin na ma'aikatan asibiti.

Na'urar CT, wadda muke ɗaukar hoton cikin jiki da ita, ba kyamara ba ce. Zagaya jiki take yi tana harba hasken eksire ta kowane gefe, tana auna yawan wanda ya ratsa, sannan kwamfuta ta lissafo surar abin da ke ciki. Haka tsarin yake tun 1971, lokacin da aka fara gwada na'urar Godfrey Hounsfield, injiniyan da ya ƙirƙiro ta, a kan wata mara lafiya a Landan. A na'urorin yanzu, gadon yana tafiya yayin da bututun hasken ke juyawa, sai awon ya fito a murɗe kamar igiya. Inda awo bai faɗa daidai ba, kwamfuta ce ke cike giɓin: ta dubi na gaba da na baya, ta yi ƙiyasin abin da ke tsakani. Ƙiyasin nan yana fita sarai muddin jiki na wuri ɗaya. In ka yi tari ko ka saki numfashi, huhu ya sauya wuri, sai hoton ya fito dishi-dishi, har inuwar da babu ita ta bayyana. Dole a sake, ka sha hasken sau biyu.

Kwamfuta yanka-yanka take fitar da hoton jiki, kuma kaurin yanka ma abin lura ne. Wanda ya yanka doya da kauri zai iya wuce ɗan ruɓin da ke tsakiya bai gani ba. Ƙullin milimita 3 a huhu kan dushe cikin yanka mai kaurin milimita 5, amma a na milimita 1 ya fito fili.

Makon jiya wani saurayi ya miƙo min waya: ya kara fim ɗin mahaifiyarsa, wato faranti mai ɗauke da hoton sikan ɗinta, a jikin taga ya ɗauka, wai in tura wa likita ta WhatsApp. Yana ta buɗa hoton da yatsu biyu. Na ce masa, ƙanena, wayar ma ƙiyasi take yi, ba za ta dawo da abin da ba ta ɗauka ba. Fim zaɓaɓɓun yanka kawai yake ɗauke da su, cikakken hoton yana kan faifan CD. Ku nemi faifan, ku tafi da shi duk asibitin da aka tura ku.

Kafin ki hau gadon, Hajiya, cire sarƙa da 'yan kunne, domin ƙarfe na ɓata lissafin. Mai juna biyu, da wanda ba zai iya riƙe numfashi ba, su faɗa mana tun a bakin ƙofa.