Shugabancin Karatun Jami'a ta Intanet

Shugabancin karatun jami'a ta intanet aiki ne na tafiyar da kwasa-kwasan digiri waɗanda ɗalibi ke yi daga gida ko daga wurin aikinsa, ba tare da zaman aji kullum ba. Mai riƙe da wannan aiki yakan zama daraktan cibiyar karatu daga nesa, ko shugaban tsangaya, ko shugaban jami'ar baki ɗaya.

A Najeriya Abuja ce matattarar masu wannan aiki. A unguwar Jabi hedikwatar jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, wato NOUN, take. An kafa ta a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sannan gwamnatin Obasanjo ta farfaɗo da ita a 2002, Farfesa Olugbemiro Jegede na shugabantarta. Farfesa Abdalla Uba Adamu daga Kano ya riƙe ta daga 2016 zuwa 2021. Jami'ar Abuja ma tana da tata cibiyar karatu daga nesa, ga kuma Miva, jami'ar karatu daga gida mai zaman kanta da ta samu lasisi a 2023. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, da ke Maitama ce ke tantance kwasa-kwasan su duka.

Galibi daga koyarwa ake farawa. Malami ya samu digirin digirgir, ya rubuta littattafan kwas, ya jagoranci darussa ta bidiyo, ya riƙe ƙaramar cibiyar karatu, kafin a damƙa masa darakta.

Mutane sukan ɗauka aikin sanin kwamfuta ne kawai, amma nauyinsa na gaske shi ne riƙe ɗalibin da ba a ganin fuskarsa. Ɗaliban nan da yawa magidanta ne da ma'aikata da matan aure. Ga ma'aikaciyar jinya a Gwagwalada, ta tashi daga aikin dare, ta buɗe waya za ta yi TMA, wato aikin gida da ake sa wa maki, sai shafin ya ƙi buɗuwa, data na ƙarewa, an ɗauke wuta. Ba abokin aji a gefenta, ba malamin da za ta tare a bakin ofis. Idan haka ta maimaitu sau biyu sau uku, shiru za a ji ta bar karatun. Saboda haka darakta nagari yakan bi diddigin waɗanda suka daina shiga shafi, ya sa a kira su, ya tabbatar an ɗora littattafai tun farkon zango kuma sun buɗu a ƙaramar waya.

Sai kuma mutuncin takardar shaida, domin har yanzu akwai masu raina digirin da ba a yi shi a aji ba. Shi ya sa NOUN ke tara ɗalibai a cibiyoyinta su rubuta jarrabawa a gaban masu sa ido, wasu a kwamfuta, wasu da biro da takarda.