Waiwaye: wa ya zana hanyoyin Adar, kuma don wa anka zana su?

Damanar bara muna tsakanin Keita da Buza cikin wata tsohuwar katkat ta abokina, za mu gaisuwar rasuwa, sai taswirar cikin wayata ta ce mu karya dama wai akwai yanke. Munka bi. Ko kilo huɗu ba mu yi ba sai ga mu bakin kori, ruwa ja wur shina gudu da kara da itace, hanya ta ƙare nan awa an datse ta da wuƙa, amma cikin waya layin na nan miƙe sambal har ƙetare. Wani tsoho mai kiwon awaki ya tsaya shina kallonmu. Na ce Baba ina hanya? Ya ce ɗana ai hanyar rani ce kunka biyo. Ya duƙa ya share ƙasa da tahin hannu, ya ɗauki kara ya zana muna, ga kori, ga babban gawo, ga rijiya, ku koma baya ku bi ta gindin dutsi inda ƙasa ke da tsakuwa. Minti biyu ya gama, kuma kahin la'asar mun isa.

Tun ranar nika tambayar kaina, wannan layi da ke cikin waya daga ina ya hito, wa ya hwara zana shi.

Kahin zuwan Nasara hanya ba layi ba ce, jerin rijiyoyi ne. Madugu na riƙe da ita a ka, daga wannan rijiya zuwa waccan kwana nawa, ina ruwa ke da kanwa, wane sarki ake ba gaisuwa kahin a wuce. Haka ayari ke sauka daga Agadas ya ratsa Adar ya nuhi Sakkwato. Shi kanshi Barth, Bajamushen nan da ya kira kanshi Abdul Karim, wanda ya shiga Agadas a 1850 ya kuma bi ta Sakkwato zuwa Sayi a 1853, da yawa cikin hanyoyin da ya rubuta ba da ƙahwa tai ya taka su ba, daga bakin fatake ya ji su.

Inda labarin ke da daɗi shi ne rabon iyaka. A 1890 Faransa da Ingila sunka ja layi daga Sayi zuwa Barruwa bakin tabkin Cadi, a kan takarda kawai. A 1898 sunka sake zama, anka kafa tsinke bisa Sakkwato anka zagaya da'ira mai nisan mil 100, wajen kilo 160 ke nan, anka ce duk abin da ke ciki na Ingila ne. To Ƙonni ta faɗa ciki. Sai Faransawa sunka farga cewa in za su tashi daga bakin Kwara su tahi Damagaram dole su kewaye wannan da'ira ta arewa, ta Filinge da Tawa, sannan su ratsa daji marar ruwa, raƙuma na mutuwa sojoji na ƙishirwa. Wannan kewaye na cikin abin da ya ɗaga Tawa a idon Nasara har sunka kafa bariki nan. Sunka dinga kuka har anka gyara iyakar a yarjejeniyar 1904 da ta 1906, Ƙonni ta dawo ɓangaren Faransa, sannan ayarin kaftin Tilho na Faransa ya bi iyakar daga Kwara har Cadi tsakanin 1906 da 1909 shina awo shina zana taswira. Kenan babbar hanyar da muke bi yau, Yamai, Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Maraɗi, Damagaram, asalinta neman rijiya ne na sojan Faransa. Shi ya sa har gobe ɗan Tawa in zai Yamai sai ya gangara kudu har Tsarnawa tukuna ya juya yamma, kilo wajen 550, alhali in ka dubi taswira ta Filinge ta fi kusa.

Su waɗannan hanyoyin kuwa ba injin ya yi su ba. Kakanninmu ne, da kwando bisa kai, aikin tilas, kowane gari da yankin da anka yanka mishi ya share ya zuba jar ƙasa kahin motar kumandan ta wuce. Sai a 1946 anka soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulka. Tsohuwarmu har ta rasu in ta ji an ce aikin hanya sai ta yi tsaki.

Taswira ta gaske mai dalla-dalla ta zo ne wajen shekarun 1950, lokacin da hukumar zanen taswira ta Faransa, IGN, ta ɗauki hotunan ƙasar daga jirgin sama ta hitar da takardu masu ma'aunin 1/200 000, santimita guda kilo 2. Aiki ne mai kyau, ban raina ba, akwai kori akwai dutsi akwai rijiya, sai dai sunayen garuruwa kunnen Bafaranshe ya rubuta su, shi ya sa Tawa ta koma Tahoua, Badagishiri ta koma Badaguichiri, Buza ta koma Bouza. Gwada rubuta sunan ƙauyenku yadda kuke faɗinshi cikin waya ka gani in za ta gane. Yanzu muna da tamu hukumar, IGNN a Yamai, amma garuruwa nawa anka kafa bayan waɗancan hotuna, tunga nawa ta zama gari, kori nawa ya sauya makwanci?

Sai zamanin iraniyom. Kamfanin Somair ya hwara haƙa a Arlit a 1971, kamfanin Cominak ya biyo a 1978, kuma dole kaya su sauka har tashar jirgin ruwa ta Kwatano. Nan ne anka shimfiɗa gudron daga Tawa ta Tabalak da Abalak zuwa Agadas har Arlit, sama da kilo 600, zamanin Seyni Kountché, anka gama wajen farkon shekarun 1980. RTA ke nan, wato hanyar Tawa-Arlit, hanyar iraniyom. Tsohhin direbobi na ba da labarin yadda take sumul lokacin, ka tashi Tawa da asuba ka yi azahar Agadas. Wanda ya bi ta shekarun baya-bayan nan ya san sauran, akwai wuraren da direba ke sauka daga gudron ɗin da ganganta ya bi rairayi gehe don ya fi sauƙi, har hanyoyi biyar shida sun hito kusa da juna kowa da tashi. A yarjejeniyar 2014 tsakanin gwamnati da Areva, kamfanin iraniyom na Faransa, an sa kuɗin gyaranta Yuro miliyan 90. A taswira dai tun 1980 har yau jan layi ne mai kauri, bai taɓa ramewa ba.

Ni abin da ya fi burge ni ba shi cikin manyan layukan nan. Aikin Keita da anka hwara a 1984 da kuɗin Italiya da hannun FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kowa na tuna shi da dashen itace da gina tare ruwa da matan da sunka ɗauki duwatsu ana biyansu da abinci, amma ya buɗe hanyoyin karkara masu yawa cikin Adar Dutsi Majiya, kuma su ne har yanzu ke hidda albasa da tumatir daga fadama zuwa bakin gudron. Ga hanyoyin cin kasuwa da amalanke da 'yan kabu-kabu sunka taka da kansu. Ga burtali, wanda shi ma hanya ce cikakkiya mai iyaka, ta nan bisashe ke hawa Azawak da damana su nuhi Ingal shan gishiri, in manomi ya ci gehenta da garma rikici ya tashi.

Yanzu samari sun shigo ciki, akwai masu aikin sa kai na OpenStreetMap, wata taswirar intanet, a Nijar da ke zana tituna da hanyoyi bisa hoton tauraron ɗan adam, kowa na iya gyarawa, kuma wannan ci gaba ne babba. Matsala ɗaya, hoton sama shina nuna sawun taya amma ba ya faɗa maka ko na rani ne ko na damana, ba ya faɗin inda yashi ke cin mota. Sai mutum ya taka da kanshi, ga shi kuma takawar ta yi wuya ta wajen arewa, a 2017 anka sa Tiliya da Tasara cikin dokar ta-ɓaci, ba wanda zai ɗauki moto ya shiga dajin can don kawai ya auna hanya.

Wancan yanke na tsakanin Keita da Buza na sa wani ƙanena mai ilimin abin ya shiga ya gyara shi, ya rubuta cewa ba ya biyuwa da damana. Ya tambaye ni sunan korin, na kira abokina, shi ma bai sani ba, mun manta ba mu tambayi tsohon ba.